Sabon Cok a Bakin Bindiga: Yadda Ake Gwada Shi Kafin Farautar Talo-talon Daji

Talo-talon da muka sani na gida ne, mai nauyin jiki, mai baza wutsiya a tsakar gida, wanda ko an kora shi sai ya ga dama yake matsawa. Ɗan'uwansa na dazuzzukan Amurka ta Arewa ba haka yake ba. Yana da kaifin ido da na kunne, yana sheƙa gudu, yana tashi sama ya kwana a kan bishiya, kuma ko yatsa maharbi ya motsa a gabansa, to sai wata rana. Ana samunsa a jihohi 49 na Amurka, Alaska ce kaɗai ba ta da shi.

A shekarun 1930 saura ƙiris tsuntsun nan ya ƙare, saboda saran dazuzzuka da farauta barkatai. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin bindigogin farauta da na harsasai domin kula da namun daji. Hukumomin jihohi suka riƙa kama tsuntsayen da raga suna kai su dazuzzukan da babu su, sannan a 1973 aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation don tallafa wa aikin. Yau ana maganar miliyoyi. Tsuntsun da aka sha wannan wahala kafin a dawo da shi bai cancanci a ji masa rauni ya tsere ya mutu a banza ba. Shi ya sa tun kafin a buɗe farautar bazara, tsakanin Maris da Mayu, maharbin kirki yakan kwashi takardu ya nufi filin gwajin harbi, musamman idan ya sayi sabon cok. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin cok

Harsashin bindigar farautar talo-talo ba ƙwaya ɗaya ba ce. Kwanso ne ɗauke da albarushi, da kofin roba, da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi a cikin kofin. Da sun bar bakin bindiga sai su fara bajewa, gwargwadon nisa gwargwadon bajewar. Cok kuwa ɗan gajeren bututun ƙarfe ne da ake murɗawa a bakin bindiga. Cikinsa yana tsukewa a hankali zuwa gaba, sai ya matse ƙwayoyin su fita a dunƙule, su jima ba su watse ba.

Dabarar ta tsufa. Ana danganta ta ga mutane irin su Fred Kimble, maharbin agwagi na jihar Ilinois, da W. W. Greener, maƙerin bindiga na Bamingham a Ingila, wanda ya inganta ta a 1874. A wancan zamani a jikin bututun ake yin matsin, ba ya fita. Daga 1969, da kamfanin Winchester ya fito da Winchoke, cok mai cirewa da mayarwa ya fara yaɗuwa, har ya zama bindiga ɗaya tana aikin bindigogi uku ko huɗu.

Da inci ake auna matsin. Faɗin cikin bututun bindiga mai geji 12 yakan zama inci 0.729, wato milimita 18.5. Cok ɗin da aka rubuta wa Modified yana rage kimanin inci 0.020, mai Full kuma 0.030 zuwa 0.035. Na talo-talo ya wuce nan: bakinsa yakan tsaya tsakanin inci 0.660 da 0.670. Idan cok ɗinka 0.665 ne, ya rage inci 0.064 ke nan, kusan ninki biyu na Full. A geji 20, mai faɗin inci 0.615, na talo-talo yakan kama daga 0.555 zuwa 0.575.

Me ya kawo wannan tsananin matsi? Namijin talo-talon daji yakan kai kilo 7 zuwa 11, gashinsa na da kauri, fukafukansa na kare ƙirji, tsokar ƙirjin kuma na kare kayan ciki. Harbin jiki raunatawa kawai yake yi. Wurin da ke kayar da shi nan take shi ne ƙwaƙwalwa da ƙashin wuya, su kuwa sirara ne ƙwarai. Aikinka shi ne ka tara ƙwayoyi masu yawa a ɗan wannan wuri.

Abin da sabon cok yake buƙata

Za ka ji wasu na cewa sabon cok sai ya ci kwali guda na harsasai kafin ya saba. Cok ba sabon takalmi ba ne da sai an taka shi yake saki. Yawancinsu da ƙarfe mai tauri marar tsatsa ake yin su, kuma harbi ashirin ba ya sauya faɗin bakinsu. Abin da yake sauyawa a harbe-harben farko shi ne man masana'anta ya ƙone, tiredi ya zauna daidai, dattin roba ya fara taruwa a ciki. Duk waɗannan da hannu ake magance su, ba da ƙona kuɗi ba.

Abin da ake nema a gwajin amsar tambayoyi uku ce. Ina zubin ƙwayoyin yake sauka idan ka saita? Wane harsashi ne cok ɗin ya fi jituwa da shi? Daga wane nisa ne zubin ya daina isa ya kashe? Kwalin da cok ya zo a ciki ba zai faɗa maka ba, abokinka mai irin bindigarka ma ba zai faɗa maka ba, domin bututu biyu na kamfani ɗaya sukan bambanta da 'yan ɗigon inci, wannan kuwa ya isa ya sauya zubi. Takarda ce kawai mai amsar.

Kafin a harba ko ɗaya

Fara da sauke bindiga. Buɗe ta, ka duba ɗakin harsashi da ido, ka taɓa da yatsa, ka tabbata ma'ajiyar harsasai wayam take. Duk lokacin da hannunka zai je kusa da baki sai ka maimaita wannan, ko sau nawa ne a rana.

Sai ka tabbatar cok ɗin na bindigarka ne. Tiredin kamfanoni ba ɗaya ba ne: Remington na da Rem Choke, Browning na da Invector da Invector-Plus, Beretta na da Mobil da Optima, Benelli na da Crio, Mossberg na da Accu-Choke da Accu-Mag. Wani cok ɗin zai shiga bututun da ba nasa ba har ya ɗauru, a nan haɗarin yake, domin gindinsa ba zai zauna daidai da cikin bututun ba. Karanta abin da aka rubuta a jikin bututu da na jikin cok, su zo ɗaya harafi da harafi. A nan ne kuma za ka ga irin ƙwayoyin da aka yarda a harba a cikinsa. Akwai cok ɗin talo-talo da dalma kawai yake ɗauka. Kada ka harba manyan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ko harsashi mai dunƙulalliyar ƙwaya ɗaya ta cikin matsi irin wannan.

Wanke cok ɗin ciki da waje da ruwan wanke bindiga, ka goge da tsumma mai tsabta. Bi bakinsa na baya da yatsa. Wurin nan siriri ne, idan ya taɓa faɗuwa a kan siminti yakan lotsa, cok ɗin da gindinsa ya lotsa kuwa ba na harbawa ba ne. Tiredin cikin bututu shi ma ka bi shi da ɗan burushi ka fitar da tsohon datti. Bututun kansa ka wanke shi tas, har sai ka ɗaga shi ga haske ka ga yana sheƙi daga farko zuwa ƙarshe.

Shafa giris na cok kaɗan a kan tiredi da jikin cok ta waje, ba a ciki ba. Fara murɗawa da yatsu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ya cije tun a zagaye na farko ko na biyu, kada ka tilasta shi, dawo da shi baya ka sake. Idan ya kai ƙarshe, ka ɗan ƙara masa da makullinsa har ya tsaya cak, ba tare da ka zuba ƙarfinka duka ba.

Yanzu sai dubawa mafi muhimmanci. Cire bututun daga jikin bindiga, ka leƙa ta baya wajen haske, ka dubi mahaɗar cok da bututu. Zobe za ka gani zagayayye, daidai ta ko'ina. Idan gefen cok ya ɗan turo cikin hanya ko da kamar kaurin farce ne, ƙwayoyi za su ci karo da shi, suna iya fizge cok ɗin ko su kumbura bakin bututu. Irin wannan sai wurin maƙerin bindiga. Haka kuma kada a taɓa harba bindigar da babu cok a bakinta, tiredin ne zai lalace.

Zaɓen harsashi

Cok rabin magana ne, harsashi ne ɗaya rabin. Lambar ƙwaya tana tafiya a juye: ƙaramar lamba, babbar ƙwaya. A dalma, lamba 4 tana ba da ƙwayoyi kimanin 135 a oza ɗaya, wato giram 28, lamba 5 kimanin 170, lamba 6 kimanin 225. Lamba 6 tana cika takarda, amma ƙarfinta na fasa ƙashi yana riga na lamba 4 ƙarewa. Lamba 4 tana riƙe ƙarfi, amma zubinta yana saurin yin giɓi. Shi ya sa da yawa suke tsayawa a lamba 5.

Tangistin ya sauya wannan lissafi. Nauyin dalma kimanin giram 11 ne a kowace santimita kubik, baƙin ƙarfe bai kai 8 ba, ƙwayar tangistin da ake kira TSS kuwa 18 ce. Saboda nauyinta, 'yar ƙaramar lamba 9 ta TSS tana ratsawa kusan kamar lamba 5 ta dalma, ga shi oza ɗaya na ɗauke da ƙwayoyi kimanin 360. Harsashi mai oza 1¾ na dalma lamba 5 bai wuce ƙwayoyi 300 ba, irinsa na TSS lamba 9 ya haura 600. Tun da kamfanin Federal ya fara sayar da shi a 2018, maharba da yawa suka koma geji 20, har da 'yar ƙaramar bindiga .410, domin sun fi sauƙin ɗauka da sauƙin naushi. Matsalarsa tsada, harsashi ɗaya yakan ci kuɗin na dalma da dama. A ɓangaren dalma kuma akwai Long Beard XR na Winchester, wanda aka daskarar da ƙwayoyinsa cikin wani irin ƙaro domin kada su lotse lokacin tashi.

Kafin ka saya, karanta dokar jihar da za ka yi farauta. Jihohi da yawa sun ƙayyade girman ƙwayar da aka halatta wa talo-talo, Kalifoniya kuwa ta hana farauta da dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli, 2019. Sannan ka duba tsawon ɗakin harsashin bindigarka: harsashi mai inci 3½ ba ya shiga ɗaki mai inci 3 lafiya. Ka tanadi iri biyu ko uku na harsashin farauta, da kwali ɗaya na harsashi mai sauƙi, dalma lamba 7½ ko 8, don gyaran saiti.

Kayan aiki da wuri

Kana buƙatar takardu manya, aƙalla mita ɗaya tsawo da faɗi. Ƙaramar takarda mai hoton kan talo-talo kaɗai yaudara ce a wannan mataki, domin idan tsakiyar zubin ta sauka a gefe ba za ka gani ba, sai ka ɗora wa cok laifin da ba nasa ba. Ka haɗa da allon kwali na kafewa, tef na awo ko na'urar auna nisa, alƙalami mai kauri, da zobe mai faɗin inci 10, wato santimita 25, da ka yanka daga kwali ko roba mai haske. Ka zo da buhunan yashi ko teburin ɗora bindiga, toshiyar kunne, tabarau na kariya, makullin cok, sandar goge bututu, da littafin rubutu.

Wurin ya zama filin da aka yarda a yi harbi, mai tudun ƙasa a bayan allo. Zaɓi ranar da babu iska. Iskar gefe tana ture zubi, sanyi mai tsanani kuma yana ƙara masa bajewa, saboda haka gwajin da ya fi amfani shi ne wanda aka yi a yanayi mai kama da na safiyar farauta. Nisa kuma a auna shi daga bakin bindiga zuwa takarda, kada a ƙiyasta da taki. Yadi 35 da aka ɗauka 40 ne yakan ba maharbi ƙarfin gwiwar ƙarya.

Mataki na farko: ina zubin yake sauka?

Kafa takarda a yadi 20, ka yi baƙin ɗigo a tsakiya. Ɗora bindiga a kan buhun yashi, gindinta manne da kafaɗa, kuncinka manne da katako. Sa harsashi mai sauƙi, ka matsa kunama a hankali har ta tashi, kada ka fizga. Yi haka sau uku a kan takarda ɗaya. A wannan nisa ƙwayoyin za su yi rami a wuri ɗaya, nan da nan za ka ga ko ramin na kan ɗigo ko ya kauce.

Kaucewa ba abin mamaki ba ce. Bindigogi da yawa an yi su ne don tsuntsu mai tashi, sai su riƙa zuba kaso mafi yawa sama da inda aka saita. Sabon cok ma yana iya matsar da zubi daga inda tsohon yake kai shi. Da cok mai faɗi ba za ka lura ba, amma da na talo-talo kaucewar inci 3 a yadi 20 ta zama inci 6 a yadi 40, wato tsakiyar zubin ta bar wuyan tsuntsu ke nan.

Idan bindigarka ɗan ƙwallon saiti ɗaya gare ta a baki, idonka ne saitin baya, kuma babu abin murɗawa. Maganin shi ne a sa mata saiti mai gyaruwa. A saitin gaba da baya, ana matsar da na baya zuwa ɓangaren da ake so zubin ya koma. A na'ura mai jan ɗigo, ƙara ɗaya ta maɓalli yakan matsar da harbi inci 1 ko rabin inci a yadi 100. A mai inci 1, ƙara ɗaya a yadi 40 inci 0.4 ne kacal, don haka gyaran inci 4 yana cin ƙara 10. Kada ka yarda da dabarar "zan riƙa saitawa ɗan hagu". Ranar da tsuntsu ya tsaya a gabanka zuciya na bugawa, ba za ka tuna ba.

Bayan harbi ukun nan, sauke bindiga ka taɓa cok ɗin. Sabon cok yakan ɗan saki a harbe-harben farko. Idan ya saki, hayaƙi mai zafi yana kutsawa ta bayansa, datti ya cika tiredi, a ƙarshe ya lanƙwasa gindinsa. Ɗaure shi, ka ci gaba da dubawa bayan kowane harbi biyu ko uku har ka ga ya daina motsi. Wannan shi ne ainihin zaman da sabon cok yake yi.

Mataki na biyu: ƙirga a yadi 40

Goge bututu, ka kai allo yadi 40, wato mita 36 da rabi. Yanzu harsashin farauta za ka sa, kowane harbi da sabuwar takardarsa. Tun kafin ka harba ka rubuta a kusurwa: cok, harsashi, nisa, kwanan wata, da ko bututun a wanke yake ko an riga an harba.

Idan ka je gaban takarda, kada ka fara da ɗigon da ka saita. Ja da baya kaɗan ka dubi inda hudojin suka fi cunkushewa, ka ɗora zoben inci 10 a nan, ka zagaye. Sai ka raba da'irar gida huɗu, ka riƙa ɗiga alƙalami a kan kowace huda kana ƙirgawa, don kada ka maimaita. Rubuta jimillar. Sannan ka auna tazarar tsakiyar da'irar daga ɗigon saiti, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Lamba ta farko tana gaya maka aikin cok da harsashi, ta biyu tana gaya maka aikin saiti. Abubuwa biyu ne daban, kowanne da maganinsa. Harsashin farauta yakan sauka wani wuri daban da mai sauƙi, saboda haka gyaran saiti na ƙarshe da shi ake yi.

Ma'aunin da maharban talo-talo suka fi riƙewa shi ne huda 100 a cikin da'irar inci 10. Da wannan yawa, da wuya ƙashin wuya da ƙwaƙwalwa su tsira. Ka lura da abin da hakan ke nufi: a harsashin dalma mai ƙwayoyi 300, sulusinsu ake so su faɗa cikin da'ira mai faɗin santimita 25 daga nisan mita 36. Ba kowace bindiga ke iya wannan ba, kuma ba abin kunya ba ne idan taka a yadi 33 ko 35 take cika ɗarin.

Adadi kaɗai bai wadatar ba, dubi yadda hudojin suka bazu. Takarda mai huda 130 da suka watsu daidai ta fi mai 170 da suka taru gungu-gungu suka bar filaye. Ɗauki hoton kai da wuyan talo-talo da aka zana a roba mai haske, ka riƙa zagayawa da shi cikin da'irar. Duk inda ka ajiye shi ya kamata hudoji da dama su faɗa kan ƙashi. Idan akwai wurin da kan zai zauna ba a taɓa shi ba, zubin na da giɓi. Dubi kuma abin da ke kewaye da da'irar, har zuwa faɗin inci 20. Ƙwayoyin nan na gefe su ne rangwamenka idan tsuntsu ya motsa kai ko hannunka ya ɗan girgiza.

Harbi ɗaya ba hujja ba ne. Harsasai biyu daga kwali ɗaya suna iya bambanta sosai. Yi aƙalla uku ga kowane iri, biyar in aljihu ya yarda, ka fitar da matsakaici, amma ka fi ba wa mafi muni muhimmanci, domin ba ka san wanne ne zai kasance a ɗaki ranar farauta ba. Bar bututu ya huce tsakanin harbi da harbi. Kafin ka koma wani irin harsashi, bi bututu da cok da burushi, saboda kofin roba yana barin saura a jikin matsin, saurar kuwa tana ɓata zubi. Wata bindigar ta fi kyau a wanke tas, wata sai bayan harbi ɗaya ko biyu. Abin da ka rubuta a kusurwar takarda ne zai nuna maka halin taka, a wannan hali kuma za ka shiga daji da ita.

Kada ka raina naushin waɗannan harsasai, musamman mai inci 3½, wanda ya fito tare da bindigar Mossberg 835 a 1988. Idan ka fara runtse ido ko noƙe kafaɗa kafin kunama ta tashi, gwajin ranar ya ƙare. Duk abin da takarda za ta nuna daga nan tsoronka ne, ba aikin cok ba. Sa matashi a kafaɗa, ka raba aikin kwana biyu ko uku.

Mataki na uku: kusa da nesa

Idan ka sami haɗin da ya gamsar, sai ka nemi iyakarsa. Idan bai cika 100 a yadi 40 ba, matso 35, sannan 30. Nisan ƙarshe da mafi munin takardarka ta cika ma'auni ba giɓi, shi ne iyakarka. Idan ya wuce 100 da nisa, ka ɗauki rarar a matsayin kariya daga kuskuren ƙiyasin nisa, ba izinin harbin yadi 60 ba. Masu koyar da farauta a Amurka galibi a yadi 40 suke tsayar da magana.

Sai kuma ɓangaren da aka fi mantawa: gwada a yadi 10, 15 da 20. Talo-talo da yawa da ake kuskurewa a kusa ake kuskure su. A yadi 10 zubin cok mai tsananin matsi bai wuce 'yan inci kaɗan ba, kan tsuntsu kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda yake farauta a kurmi mai duhu, inda tsuntsu kan ɓullo a yadi 15 ko 20, cok mai ɗan sassauci ya fi masa amfani a kan wanda ke lashe gasar ƙirga a yadi 40. Gani da ido a takarda zai sa ka san cewa idan ya matso sosai, a gindin wuya ake saitawa, inda fata ta haɗu da gashi, kuma a natse.

Harbin ƙarshe ka yi shi yadda za ka yi a daji: zaune a ƙasa, baya jingine da bishiya ko turke, bindiga a kan gwiwa, sanye da rigar farauta da abin rufe fuska da safar hannu. Yadda kunci ke zama a kan katako yana sauyawa daga tebur zuwa ƙasa, wanda kuma ya ɗaga kai don ya ga tsuntsu, sama harbinsa zai bi.

Idan zubin bai yi kyau ba

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Fara da wanke bututu da cok sosai, domin shi ne mafi arha. Sai ka sauya harsashi: wata lambar ƙwaya, wani nauyi, ko wani kamfani. Harsashi mai ɗan rangwamen gudu sau da yawa ya fi mai tsananin gudu haɗa zubi.

Idan ka ga gungu-gungu da ƙwayoyi warwatse can gefe, mai yiwuwa matsin ne ya yi yawa. Dalma tana da laushi, idan aka tura ta ta ƙofar da ta yi mata kaɗan sai ƙwayoyin su lotse, lotsattsiyar ƙwaya kuwa ba ta tafiya miƙe. Manyan ƙwayoyi sun fi son sassauci a kan ƙanana. Sau da yawa komawa daga 0.660 zuwa 0.670 yana ƙara adadin hudoji maimakon ya rage. Ka tuna kuma lambar da ke jikin cok ba ta da ma'ana sai an haɗa ta da faɗin bututu. Mossberg 835, alal misali, cikinta inci 0.775 ne, don haka cok mai 0.675 a bakinta ya matse fiye da mai 0.665 a bututu na yau da kullum. Akwai kuma cok mai hudoji a gefe ko mai haƙora a ciki da ke riƙe kofin roba, wanda ba ya jituwa da harsashin da aka ƙera kofinsa don ya raka ƙwayoyi nesa. Masu ƙera cok irin su Carlson's, Indian Creek da Briley sukan bayyana harsashin da kowane cok nasu ya dace da shi. Fara daga nan, amma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bayan gwaji

Cire cok, ka wanke shi, ka goge tiredi, ka sake shafa giris, ka mayar. Haka za ka yi duk ranar da ruwa ya dake ka a daji, domin cok ɗin da aka bari da laima yakan yi tsatsa ya kafe, fitar da shi sai maƙeri. Ajiye takardun da suka fi kyau da waɗanda suka fi muni. Sayi harsashin da ya ci gwajin da ɗan yawa, daga rukuni ɗaya in ya samu. Duk abin da ya sauya daga baya, ko cok, ko harsashi, ko saiti, ko bindiga ta faɗi, sai an koma gaban takarda. Ko babu abin da ya sauya, harbi ɗaya ko biyu a farkon kowace kaka wajibi ne.

Ranar farauta, kafin ka sa harsashi, taɓa cok ka ji a ɗaure yake. Kada ka sa tufafi mai ja, fari ko shuɗi, domin launukan kan namijin talo-talo ke nan, wani maharbin na iya ruɗewa. Kai ma kada ka harbi motsi ko kuka, sai ka ga tsuntsun sarai, ka ga gemun da ke ƙirjinsa, ka ga abin da ke bayansa. Idan yana cikin taƙama ya baza wutsiya ya noƙe kai, jira ya miƙe wuya.

Da ka zauna, tun gari bai waye sosai ba, auna nisan bishiyoyi biyu ko uku da ke daidai iyakarka, ka riƙe su a ka. Rubuta lambar a ɗan tef ka manna a gindin bindiga inda idonka zai riƙa faɗawa. Idan tsuntsu ya shigo cikin alamar, ka san abin da bindigarka za ta yi, domin ka gani ka ƙirga. Idan ya toge a bayanta, ka ci gaba da kira, ko ka ƙyale shi ya tafi. Lambar da takarda ta ba ka ba ta ƙaruwa don tsuntsun babba ne ko don ranar ce ta ƙarshe a kaka.